Libarbar da Aka Goge

Da hantsi aka tsinci gawar Abdulrahman ɗan Ardo a bakin tsohon ramin kuza da ke bayan Riruwai. Sandarsa na gefe, malfarsa tana yawo a kan ruwa. Matan da suka je wanki ne suka gan shi. Kafin a aiko mini, rabin gari ya riga ya je ya tattake wurin, sai ka ce rabon taki ake yi.

Ni ne Wada mai bin sawu. Shekara ashirin da biyu, in saniya ta ɓata tsakanin Doguwa da Tudun Wada, ni ake nema. Amma a shekarar nan sunana ya fara dusashewa. Sau uku aka kora shanun Ardo, sau uku sawu ya mutu a hannuna a bakin daji. Na yarda idona ne ya tsufa. Aminina Jibrin ya kai ni Tudun Wada muka sayi tabarau, shi ma ya zaɓar mini wanda ya ce ya fi dacewa da fuskata.

Jibrin tare muka tashi, tare aka yi mana kaciya. Ni ban iya babur ba, don haka duk inda sawu ya kira ni, a bayansa nake zuwa. Mutum ne mai son ƙyalli. Salansar babur ɗinsa za ka iya gyara hula a cikinta. Yana da wani haɗi nasa na kansa, baƙin yashin kuza da yake tankaɗewa da tsohon ɗankwali ya kwaɓa da baƙin mai, yana ajiye shi a gwangwanin madara a ƙarƙashin kujerar babur. Mun sha yi masa tsiya a kai, ko a jikinsa.

Shi ya ɗauko ni ranar. Da muka isa, wuri ɗaya ne ya rage da ba a taka ba, wani ɗan taɓo kusa da bakin ruwa. A kai ya bi da babur, ya yi kwana, ya faka.

"Haba Jibrin! Duk faɗin wurin nan sai nan?"

"Yi haƙuri mutumina, birki ne. Hankalina ba ya jikina."

Na haɗiye fushina na durƙusa. Rauni ɗaya ne a ƙirji, ɗan ƙarami. Bindigar toka irin ta maharba warwatsa ƙarfe take yi, ba ta huda wuri ɗaya. Manyan bindigogin ɓarayin daji kuwa tofar da kwanson harsashi suke yi, kuma na laluba ciyawa har gwiwata ta jiƙe ban ga kwanso ba. Bindiga ɗaya na sani mai riƙe kwansonta a ciki.

"Libarba ce," na ce.

Na so a ce na yi shiru. Jama'a suka dubi juna, domin daga nan har Doguwa kowa ya san mai libarba mutum ɗaya ne, Baba Abdulhadi. Shi ne mai gadin kamfanin kuza a zamanin da, da kamfanin ya tashi aka bar masa ita. Shi ya koya mana bin sawu ni da Jibrin, a gidansa muka ci tuwo fiye da na gidajen iyayenmu. Kuma satin da ya wuce, a tsakiyar kasuwa, ya nuna Abdulrahman da sanda saboda shanu sun shiga masararsa, ya ce sai ya yi maganinsa.

*

Bayan azahar aka binne Abdulrahman. Samarin ruga suka tsaya gefe guda, ko gaisawa ba su yi da kowa ba. Mai gari ya aika a karɓo libarbar, Jibrin ne ya ce shi zai je, don kada baƙo ya shiga ya tozarta tsohon. Ya kawo ta naɗe a tsumma, aka kulle ta a akwati. Waɗanda suka leƙa suka baza labari cewa an wanke ta tas, wato tsoho ya ɓoye laifinsa ke nan. Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba, don na san Baba yana wanke bututunta kowace Juma'a.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne Baba da bakinsa ya ce harsashinsa biyar ne, yanzu saura huɗu, kuma bai san inda ɗayan ya tafi ba.

Mai gari ya roƙi 'yan sanda su ba shi kwana biyu. Ya san in aka jefa mai shekara tamanin a bayan mota, ba lalle ya dawo da ƙafarsa ba. Ya juyo gare ni.

"Wada, jibi bayan la'asar za su zo. In ba ka kawo wani ba, Abdulhadi za su ɗauka."

"Ranka ya daɗe, a ba ni bindigar in gani."

Jibrin ya taɓa kafaɗata. "Bar wa hukuma ƙarfe, kai ƙasa ce aikinka. Kada a ce ka taɓa don ka kare Baba."

Maganar ta yi mini daidai a lokacin. Har godiya na yi masa.

*

Washegari da safe muka je ruga. Ardo ya karɓe mu a ƙarƙashin ɗorawa, idonsa a bushe. Ya sa aka kira Furera, matar mamacin. Ta zauna nesa, ta juya mana gefe.

"Sannu da haƙuri, Furera. Me ya kai shi ramin kuza ba shanu?"

"Ya ce zai ga mutum."

"Wane mutum?"

"Bai faɗa ba. Shekaranjiya ya dawo daga bakin daji ransa a ɓace. Ya ce ya ga jar saniyarmu da aka sace, ya kuma ga wanda ke nuna wa masu korar ta hanya. Na ce ya gaya wa Baffa Ardo. Ya ce a'a, ɗan gari ne, yana jin nauyinsa, zai fara yi masa magana su biyu ko zai dawo da ita a rufa asiri."

Ardo ya ce, "Kunyarsa ce ta kashe shi. Haka muka rene shi."

A hanyar dawowa Jibrin ya yi ta magana, iska na kwashe rabi. Ya ce wa ya san hanyoyin daji kamar Baba? Wa yaro zai ji nauyinsa in ba dattijo ba? Ya ce shi ma zuciyarsa ba ta so, amma tsufa kan sauya mutum.

Sai ya tuna da wani mai haƙar kuza, baƙo, da aka ce ya bar gari da sassafe ranar da abin ya faru. Na yi murna kamar an yi mini bushara. Muka bi shi har Tudun Wada, muka sha rana da ramukan hanya, muka same shi a ƙofar asibiti yana rarraba dabino, matarsa ta haihu. Mutum goma suka shaida a mota ya yi sallar asuba. Yini guda ya tafi a banza, ga shi har na ci dabinon mutumin da na zo kamawa.

*

Ranar ƙarshe da safe na ce sai na ga Baba. Jibrin ya sauke ni a ƙofar gida ya ce zai je neman mai.

Luba, 'yar Baba da ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarta, tana tsakar gida tana goge tukunya da toka. Idonta ya kumbura.

"Luba, ki tuna da kyau. Wa ya shiga ɗakin Baba kwanan nan?"

"Wallahi Yaya Wada babu baƙon da ya shigo. Ina nan ko da yaushe."

"Makullin akwatin fa?"

"Yana nan a ƙusa bayan ƙofa, inda ka san shi."

Baba yana kan buzu, rediyonsa na ta surutu a gefe. Na durƙusa na gaishe shi. Ya rage murya ya dube ni da idon nan nasa da farar yana ta fara rufewa.

"Ka zo ka tambaye ni ko ni ne."

"Baba..."

"Tambaya mana. Ni na koya maka kada ka ji kunyar sawu. Na yi wa yaron nan faɗa, gaskiya ne, bakina ya fi ni zafi. Ranar kuma gona na tafi bayan asuba, ni kaɗai, ba ni da shaida sai masara. Amma rabon da in harba bindigar nan tun shekarar da mahaukacin kare ya shigo kasuwa."

"An ce an same ta a wanke."

"To da a ƙazance za a same ta? Bututu da ramukan harsashi ina wanke su, lafiyarta ke nan. Zoben fuska ne kawai ba na taɓawa, ka sani."

Na sani kuwa. Libarba tana da ganga mai ramuka shida, ita ce ke juyawa ta kawo harsashi bakin bututu. A fuskar gangar, kewaye da kowane rami, wuta takan bar baƙin zobe. Na Baba sun fi ni shekaru. Kuma shekara da shekaru ana musu a kansu a zauren nan. Jibrin ya ce abu mai kyau ya kamata a gan shi da kyau, a ba shi rabin awa ya mayar da ita sabuwa. Baba ya ce zoben ba ya hana ta komai, ka goge yau ka harba gobe ya dawo, kuma duk gugar da ka yi ƙarfen kake ci, kana cire baƙin da ke kare shi daga tsatsa. Ya ce ita ba amarya ba ce. Mukan yi dariya a tashi.

Ina fita na ce wa Luba, don dai in sa ta murmushi, "Ashe rediyon nan ya tashi daga jinya."

"Ai Yaya Jibrin ne ya gyara. Ya zo ya ɗauka a jaka ana sallar magariba, washegari da safe ya dawo da shi, Baba na gona."

"Wace safiya?"

Ta yi ɗan tunani. "Ranar da aka yi abin nan."

"Kika ce ba wanda ya shiga."

"Na ce baƙo. Yaya Jibrin ai ɗan gida ne."

Ban jira babur ba. Da ƙafa na tafi gidan mai gari, ina tafe ina yi wa kaina faɗa. Na ce rediyo ai rediyo ne, mutum ya yi alheri kuma a zarge shi? Na yi ta addu'a Allah ya sa in ga zoben nan a inda suke.

*

Mai gari ya buɗe akwati ya miƙo mini. Na warware tsumman na karya bindigar gefe, gangar ta fito.

Fuskarta fari fat. Babu zobe ko ɗaya. An goge ta har ƙarfen ya fito tsirara, kuma da yake damina ce, cikin kwana biyu jar tsatsa ta fara yi mata ɗigo-ɗigo kamar ƙuraje. Da tsohuwar guga ce da tsatsar ta yi duhu. Wannan sabuwa ce.

Na cire tabarau don gumi ya rufe shi, na kai ta hasken ƙofa. Akwai ɗan ƙarfe mai kama da tauraro a bayan gangar, wanda ke turo kwanso waje. Na danna shi ya ɗago. Na ga abin da ke ƙarƙashinsa, na mayar da shi a hankali.

"Ka ga wani abu?" in ji mai gari.

"Ranka ya daɗe, a tara mutane bayan la'asar. A sa a kawo farin faranti."

Na fita na zauna a bayan masallaci. Ban yi kuka ba, a nan la'asar ta same ni.

*

Aka taru a ƙofar gidan mai gari. Ardo da samarinsa a hagu, Baba a kan tabarma Luba na tsaye a bayansa, mutanen gari sun kewaye. Motar 'yan sanda ta riga ta iso tana jira a gindin mangwaro. Jibrin ya zo ya faka babur a gefena kamar kullum.

"Ina ka shiga? Na dawo ban same ka ba."

"Na taka ne," na ce.

Na ɗaga bindigar na nuna fuskar gangar. "An ce Baba ya goge wannan don ya ɓoye laifi. Baba, ga ta, shafa ka ji."

Ya sa babban yatsa ya shafa. Fuskarsa ta sauya, ya sake shafawa.

"Wa ya yi mata haka? Wa ya fere mini ita?" "Shekara hamsin ban bari an taɓa ba!"

Wani daga cikin samarin ruga ya ce, "Mai tsoro ai komai zai iya yi."

"Gaskiyarka," na ce. "Luba, in za ki goge ƙarfe, da me kike gogewa?"

"Toka da lemun tsami."

"Baba fa?"

"Tsumma da man keke. Shi ke nan abin da ke akwatinsa."

"Tsumma da man keke ba sa cire zoben shekara hamsin, ko mutum ya kwana yana guga. Toka kuma fara ce."

Na riƙe gangar a kan farantin, na danna tauraron, na ƙwanƙwasa sau uku. Wani baƙin abu ya zubo, ɗan kaɗan, bai kai cikin farce ba. Na murza shi da yatsa a kan farantin. Ya ja layi baƙi mai maiƙo, yana ƙyalli a rana.

"Yashin kuza ne, tankaɗaɗɗe, an kwaɓa da baƙin mai."

Na ga kawuna suna juyawa ɗaya bayan ɗaya, ba wajen Baba ba. Duk garin an san gwangwanin nan, an sha yi masa dariya.

"Jibrin, ɗaga kujerar babur ɗinka."

Ya yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙora. "Wada, wasa kake yi? Ni?"

"Ɗaga."

Bai motsa ba, sai mai gari ya sa aka ɗaga. Na dangwali gwangwanin na ja layi na biyu kusa da na farko. Ko makaho ya shafa ba zai bambanta su ba. A ƙarƙashin gwangwanin, cikin tsumman gugarsa, ga kwanson harsashi guda ɗaya. Ko jefar da shi bai yi ba, shi ma ya goge shi yana ta ƙyalli.

"Ka ɗauke ta a jakar rediyo ana magariba," na ce. "Ka mayar da ita da safe. Da ka goge sabon hayaƙin kawai ka bar zoben, da yau Baba ne a motar can, da ni kuma na raka shi da hannuna. Amma shekara ashirin kana roƙon a ba ka rabin awa da ita. Ta shigo hannunka, ka kasa haƙuri."

Jibrin ya zauna a ƙasa. Ya dubi Baba, ba ni ba.

"Baba, wallahi don kai na goge. Na ce in aka gan ta fes za a ce ba a harba ta ba. Tsorata Abdulrahman kawai na je yi, ya riƙe mini hannu."

"Don ni," in ji Baba. "Kai ka zo ka ɗauke ta daga ɗakina ka kai wa mai gari. Har ka ce in kwantar da hankalina."

Luba ta rufe fuska da mayafi. Ardo ya ɗaga sanda ya tare samarinsa.

Tambaya ɗaya ta rage mini, kuma ba ta mai gari ba ce, tawa ce.

"Shanun nan, sau uku. Kai ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Nakan gaya musu inda za ka fara dubawa. Sai su bi ta kan dutse."

"Da daddare in gaya maka abin da na gani, da safe ka goya ni mu je inda ka san babu komai."

"Wada, ka san halin rayuwa..."

"Ka bar ni na yarda idona ya mutu. Ka kai ni ka zaɓar mini tabarau, Jibrin. Har ka ce ya yi mini kyau."

Na ji zafin kisan Abdulrahman, na ji zafin abin da ya so ya yi wa Baba, amma ba zan yi ƙarya ba, tabaran nan ya fi ci mini rai.

*

'Yan sanda suka tafi da shi, suka tafi da libarbar. Baba bai nemi a dawo masa da ita ba. Ya ce wadda ya sani mai zobe ce, wannan ba tasa ba ce.

Babur ɗin yana nan a zauren mai gari, ba wanda ya zo ɗauka. Na wuce ta wurin bayan sati uku, salansar ta yi ja da tsatsa.

Tun kafin nan, ranar da aka yi sadakar bakwai, Ardo ya aiko a tambaye ni ko zan sake gwada sawun jar saniyar. Na fita bayan asuba da ƙafa, ban gaya wa kowa inda zan fara ba. Tabaran na bar shi a kan taga. A bakin daji, bayan duwatsun da muka sha juyawa ni da Jibrin, na ga inda kofato ya karce gansakuka, tun daga nesa, ban ko sunkuya ba.